Bokiti Arba'in a Kan Ɗakin Gwaggo

Maigidana mai gyaran famfo ne, amma in kana so ku shirya kada ka kira shi haka. Injiniya ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma bi unguwa yana gyara wa mutane baki har sunan ya zauna. Ni kuwa tela ce, kekena na bakin taga a hawa na sama. Shekara ashirin da biyu ke nan muna haya a gidan Gwaggo. A nan na haifi 'ya'yana uku, a nan masu kawo ɗinki suka san ni, kuma ban da wani wuri a duniya da nake kira gida in ba nan ba.

Gwaggo ita ce mai gidan, tsohuwa ce 'yar firit da ba ta mantuwa. Ɗakinta na ƙasa, daidai ƙarƙashin barandarmu. Sau biyu Injiniya ya taɓa yi mata wankan da ba ta roƙa ba. Na farko da ya ce zai ƙara wa famfon banɗaki ƙarfi, na biyu da ya ƙirƙiro injin wanki da tsohuwar ganga da fankar mota. Bayan na biyun ta sa aka kira mu, muka durƙusa a gabanta, katifarta na shan rana a tsakar gida.

"Na farko kuskure, na biyu ganganci," in ji ta. "Ran da ruwanka ya sake ɗiga a ɗakina, ɗan nan, ku nemi motar kwasar kaya."

Gwaggo ba ta maimaita magana. Shekara uku muka yi lafiya lau, har na fara sakin jiki.

Sai ranar da aka kira shi gyaran famfo a kwalejin bayan gari. Ya dawo da yamma ko takalmi bai cire ba, ya ce in tsayar da keken nan in saurara, arzikin suna ya zo har gida. Wai an kai shi wata rumfa ta wata malama masaniyar tsirrai, cike da wani furen daji da ke fitowa a jikin manyan bishiyoyi, masana na ce masa okid. Ana fasa sabuwar hanya ta cikin daji, ana kayar da bishiyoyi, ita Malama da ɗalibanta suna bin waɗanda suka faɗi suna ɓamɓaro furen kafin a ƙone rassan. Wai har daga wasu garuruwa ake zuwa kallo, ana ɗaukarta hoto.

Abin da ya fi ba shi haushi, a cewarsa, shi ne wulaƙancin da ake yi wa bayin Allah. Mace da digiri har uku, amma ta ɗaure tsiro a jikin guntun katako ta rataye, saiwa a waje tana shan iska, ko ƙasa ba a sammasa ba. 'Yan kaɗan da aka sa a tukwane kuwa, kowace tukunya huji ne ta ko'ina, ka zuba ruwa ta sama ya zube ta ƙasa. Ruwan ma sai a fesa musu na minti ɗaya a kashe, kamar ana ba da aro.

Na tambaye shi ko ya tambayi Malama dalilin yin haka. Ya dube ni da tausayi.

"Maman yara, shekara talatin ina aikin ruwa. Ni zan tambayi mai alli yadda ake ba da ruwa?"

Ya ce in da yunwa da ƙishirwa furen ya yi kyan da ake ɗaukarsa hoto, to ranar da ya ci ya ƙoshi a hannun Injiniya sai an kira 'yan jarida. Na tuna masa maganar Gwaggo. Ya ce ai wannan noma ne, ba aikin famfo ba.

Asabar da sassafe ya ɗauki hayar motar kaya, ya ja Mai Aski suka tafi daji. Mai Aski shi ne mai shago a bakin ƙofar gidanmu, abokin faɗansa tun suna samari, kuma bai bi shi don taimako ba, ya bi shi ne don kada labari ya wuce shi. Daga bakinsa na ji yadda aka yi. Malama ta faɗa wa kowa cewa a ɗiba daga bishiyar da ta faɗi, a bar ta tsaye. Ga su nan kwance birjik, furen a jikin rassa, sai dai ka sunkuya ka ɗauka. Injiniya ya ce na ƙasa na malalata ne, shi na ƙololuwa yake so. Ya naɗe wando ya kama wata bishiya, ma'aikatan hanya suka kashe injinansu suka tsaya kallo.

Shi wannan tsiro, jikinsa kamar ƙananan sandunan rake ne a dunƙule, saiwoyinsa farare sun yi tsaye cirko-cirko sun zama kamar kwando. Cikin kwandon nan kuwa gidan cinnaka ne. Injiniya ya rungumo shi da hannu biyu ya manna a ƙirji. Mai Aski ya rantse cewa hawan ya ɗauki minti ashirin, saukowar kuwa ko ƙiftawar ido ba ta kai ba, kuma rigar ta riga mai ita isowa ƙasa. Daga baya dai na ƙasan nan na malalata aka loda a mota.

Ya dawo jiki duk rudu-rudu, yana cewa bincike ya je yi, yanzu ya gano inda cinnaka ke kwana. Su ma cinnakun sun gano inda muke kwana, don mota ɗaya suka shigo. Kwana huɗu gidan nan ba mai zama da daɗi. Matar maƙwabcinmu ta zazzage tulin kayan wanki tana Allah ya isa. Gwaggo ta aiko a tambaya me ke faruwa a sama, Injiniya ya aika mata cewa 'yan shuke-shuke ne na gyaran iska.

Bokiti arba'in ya jera a baranda. Sababbi fil, na roba, ya bi kowanne da tafin hannu yana dubawa. Guda shida da ya samu da ɗan tsagu ya liƙe su da gam, don a duniyar Injiniya duk abin da ke yoyo abin kunya ne. Ya cika su da baƙar ƙasa, ya haɗa da kashin kaji buhu biyu, ya binne saiwoyin nan da suka saba da iska har wuya, ya danna da dunduniya. Wai yau dai marayu sun samu uba.

Guda ɗaya ne bai samu bokiti ba, wani busasshe mai ganye uku, manne da ɓawon bishiya. Ya ce wannan ba ya da gaba, ya cilla shi ta baranda. Washegari na same shi a hanyar da Gwaggo ke bi zuwa famfo, na ji tsoron kada ta yi tuntuɓe. A tsakar gidan akwai tsohuwar bishiyar mangwaro da marigayi mijinta ya shuka, ba a yarda ko ƙusa a buga mata ba. Na taka turmi na cusa abin a tsakanin rassa biyu, ya faɗo, na mayar, na ɗaure shi da wani ƙyallen atamfa da ya rage a aljihuna. Daga nan ban sake tuna shi ba.

Sai aikin ruwa. A nan Injiniya ya nuna shi Injiniya ne. Ya samo tsohon tankin masai irin mai sarƙa, ya kafe a bangon baranda, ya jawo bututu daga gindinsa ya raba shi gida arba'in, kowane bokiti da nasa bakin. Ka ja sarƙa sau ɗaya, bokiti arba'in su sha tare. Yana ja da asuba, yana ja da hantsi, in zai fita ya ja, in ya dawo ya ja, in aka yi baƙo ya ja don baƙo ya gani. Da na nuna masa cewa rarar ruwan na bi ta magudanar baranda tana ɗiga kusa da ƙofar Gwaggo, ya yi mini godiya, ya kwaɓa siminti ya toshe magudanar.

Sati biyu wari ya tashi. Wata mai kawo ɗinki ta karɓi rigarta ta shinshina, ta tambaye ni ko mun fara kiwon kaji. Sauro kuwa ya samu gari, da rana tsaka yake cizo. Da maƙwabta suka yi ƙorafi, Injiniya ya ce sauro ba ya zama sai inda ke da ni'ima, su gode wa Allah.

Wata guda ganye ya fara rawaya. Mai Aski ya hawo ya duba, ya ce 'ya'yan nan kamar shawara ta kama su.

"Furen ai rawaya ne," in ji Injiniya. "Daga ganye yake fara gwaji."

"To wannan da ya yi baƙi fa?"

"Furen na da ɗigo-ɗigon baƙi. Kai da ba ka san komai ba sai ƙeyar mutane."

"Ƙeyar da nake aski dai tana sake tsirowa," in ji Mai Aski, ya sauka abinsa.

Ni ma na yi magana, kada a ce ban yi ba. Na ce Baban yara, abin nan a saman bishiya ka same shi, ba wanda ke ba shi ƙasa, ba wanda ke ja masa sarƙa, ko za ka rage ruwan nan? Ya ce duk tsiron da ya yi rawaya ƙishirwa yake ji, wannan ko ɗan firamare ya sani. Ya ƙara ja biyu a rana. Wallahi a lokacin nan in na kwanta sai in riƙa jin kamar ɗigar ruwa a cikin kaina, ina lissafin inda zan kai kekena da tukwanena in aka kore mu. Tsoro nake ji sosai, shi kuwa yana ta munshari.

Da aka shiga wata na huɗu ya yanke shawarar buɗe lambu. Ya rubuta a kwali ya liƙa a ƙofar shagon Mai Aski cewa ranar Asabar da hantsi za a nuna wa jama'a sabuwar hanyar rainon furen daji, wadda Injiniya ya ƙirƙiro. Ya je har kwaleji ya gayyato Malama, wai ta zo ta ƙaru. Na ce wane fure za ka nuna, ko toho ɗaya babu? Ya ce masana ba fure suke kallo ba, tsari suke kallo. Ranar Juma'a na same shi ya ɗaure sandunan da suka langaɓe a jikin tsinke, yana bin ganyayen da ragowar koren fentin ƙofa. Ya ce kwalliya ce kawai, ko amarya ana yi mata. Ya kuma hau rufi ya haɗa tankin masan kai tsaye da babban tankin gidan, don ruwan ya fito da ƙarfi a gaban baƙi.

Jama'a sun zo, ba laifi. Ai duk wanda cinnaka ya ciza ko sauro ya hana barci yana da haƙƙin ya ga dalili. Tsakar gida ta cika, matattakala ta cika. Gwaggo ta ce ita ƙafarta ba ta hawa bene, tana ɗakinta. Injiniya ya sha babbar riga, ya soke sifana a aljihun gaba kamar alƙalami, ya yi jawabi na kusan rabin awa. Ya ce akwai ilimin takarda, akwai ilimin hannu. Ya ce ba ya zargin kowa, kowa da iyakar fahimtarsa. Yana faɗa yana kallon Malama.

Malama mace ce mai sanyin hali. Ta hawo baranda ta toshe hanci da gefen mayafi, ta shafa ganye ɗaya, ta dubi yatsanta ya yi kore. Ta kama sanda ɗaya ta ɗan ja kaɗan, sai ga shi ya taho hannunta salin-alin, gindin baƙi ƙirin yana ɗigar ruwa kamar ruɓaɓɓiyar albasa. Ta ja na biyu, haka. Na uku ma tun kafin ta taɓa ya kwanta.

Ta tambaye shi a hankali ina hujin bokitan. Injiniya ya buga ƙirji ya ce ta bincika duk arba'in ɗin, in ta samu guda mai yoyo ya bar sana'ar. Malama ta ce ai shi ke nan, saiwar wannan tsiro iska take shaƙa, in ta jiƙe tana so ta bushe kafin ta sake jiƙa, waɗannan sun fi wata biyu da mutuwa. Mai Aski daga matattakala ya sanar da na ƙasa cewa an ce gawa ake wa wanka wata biyu cur.

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Injiniya ya ɗaga murya ya ce suma suka yi, kuma yanzu jama'a za su ga yadda ake farfaɗo da su. Ya kama sarƙa ya ja da ƙarfinsa duka.

Tankin masan ya yi wata ƙara, ya baro bango da ƙusoshinsa, ya faɗo kan bokitan gaba. Bututun da ya jawo daga rufi ya tsinke, babban tankin gidan kaf ya juyo barandarmu. Magudana kuwa a toshe, aikin Injiniya ba ya yoyo. Kafin ka ce kwabo ruwa ya kai idon sawu, baƙi, gauraye da kashin kajin wata huɗu. Ya bi ta ƙofa ya shiga falona, ya sauka matattakala, mutane na ture juna suna tattare riguna. Injiniya ya zaro sifana ya nufi rufi, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas cikin bokiti. Sai da Mai Aski ya hau ya kashe ruwan, shi da bai san komai ba sai ƙeyar mutane.

Ni ban bi ta kan falona ba. Na sauka da gudu na tura ƙofar Gwaggo. Tana zaune a bakin gado, ruwa na zubowa ta tsagin silin a wuri uku, ɗaya daidai kan filonta. Ta ɗago ta dube ni kawai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mata suka taya ni fito da kayanta. Muka jingina katifa a bango, muka shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro, muka zaunar da ita. Na durƙusa a gefenta, hawaye na zuba, ban ma iya ba da haƙuri ba, don na san haƙurin ya ƙare tun shekara uku da suka wuce. Ta ce a kira mata shi. Injiniya ya leƙo ta baranda, babbar riga ta manne masa a jiki. Gwaggo ta ɗaga kai sama, ta ɗaga sandarta za ta yanke hukunci, sai sandar ta tsaya a iska.

Muka bi sandar da kallo. A tsakanin rassan mangwaro, daidai saman kanta, wani dogon reshe ya sunkuyo ɗauke da furanni sun fi talatin, rawaya masu ɗigon ruwan ƙasa kamar fatar damisa. Sababbin saiwoyi farare sun kama jikin bishiyar sun riƙe gam. Ga ƙyallen atamfata nan ya koɗe, yana lilo.

"Furen manta-uwa ne," in ji Gwaggo, muryarta ta sauya. Ta ce rabonta da ganinsa tun tana budurwa, a bakin rafin garinsu, marigayi ya taɓa hawa bishiya ya tsinko mata, cinnaka suka yi masa kaca-kaca. Ta ƙura masa ido, har ta goge hawaye da bakin zane. Malama ta matso ta tabbatar mata cewa ba ya shan jinin bishiya, zama kawai yake yi a kai, ta kuma ce ko a rumfarta ba ta da mai kyan wannan. Ta tambaya wa ya ɗaura shi, da me ake ba shi.

Na buɗe baki ke nan, sai muka ji murya daga sama. Injiniya ya ce yawwa, ai wannan shi ne ainihin gwajin, arba'in ɗin can don kwatance ne kawai. Mai Aski ya ce a taimaka a riƙe shi kada ya faɗi don dariya.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙyallen, ta dubi zanen da ke jikina, ta ga atamfa ɗaya ce, ta gane. Ta sa aka sauko da Injiniya ya durƙusa kusa da ni.

"Na ce ran da ruwanka ya sake ɗiga za ku tashi, kuma ya ɗiga," in ji ta. "To ga sabuwar magana, ita ma ba zan maimaita ba. Muddin furen nan na raye, kuna gidan nan. Ran da ya mutu, ku bi shi."

Ta miƙe da ƙyar, ta auna taku bakwai daga gindin mangwaro, ta ja layi a ƙasa da sandarta. Ta ce ɗan nan, wannan ce iyakarka, kai da duk wani abu mai riƙe ruwa.

Yanzu wata biyar ke nan. Bokitan mun wanke mun raba wa maƙwabta, kowa na yaba su, ba guda mai yoyo. Injiniya kullum da safe yana tsaye a bayan layi, hannu a baya, yana bayyana wa masu zuwa kallo sabuwar hanyarsa ta raino daga nesa, wadda ya ce sai wanda ya yi shekara talatin a aikin ruwa ke iya ta. Ni kuwa na sauko da kekena ƙasa, na kafa shi a ƙarƙashin matattakala ina fuskantar bishiya, ido ɗaya a allura, ɗaya a kan Injiniya. Da ya ga rana ta yi zafi sai ya fara zirga-zirga yana cewa abin tausayi, dubi yadda saiwar ta bushe.

Jiya ma na kama shi ya tsallake layi da ƙafa ɗaya, kofi cike da ruwa a ɓoye cikin hannun riga. Ya ce ai shi zai sha. Na tsaya a kansa har ya shanye.